Wa ke da alhakin samar wa samarin Damargu aikin yi?

Tambaya daga wani mai karatu a Balbeji: Tun 2011 aka raba mu da Tanut aka ba mu gundumarmu, amma har gobe da an ɗauke amfanin gona sai samarinmu su watse cirani, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu Kano. Shin samar musu abin yi aikin parfe ne ko na magajin gari?

Amsa: Malam, mun gode da wannan tambaya. Parfe wakilin gwamnatin Yamai ne. Aikinsa tsaro, sa ido a kan ma'aikatun gwamnati, da duba cewa abin da ƙananan hukumomi suka zartar bai saɓa wa doka ba. Don haka samun gunduma ya kawo muku hukuma kusa, amma bai zo da asusun raya ƙasa na musamman ba. Mai kasafin kuɗi da tsarin raya gari ita ce ƙaramar hukuma, wadda aka fara zaɓen kansilolinta a Nijar a watan Yuli na 2004. Gundumar Balbeji ƙaramar hukuma ɗaya gare ta, wato Tarka. Tanut kuwa biyar: Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko da Tanhiya.

To, me ke cikin aljihun ma'aikatar magajin gari? Lanho, kuɗin kasuwa, abin da ake karɓa a kan kowace dabbar da aka sayar, da na tasha. Duk waɗannan damina ke riƙe da su. Shekarar da hatsi bai yi ba, talaka ba ya iya biyan lanho, farashin bisashe ya faɗi warwas, asusun ya bushe daidai lokacin da samari suka fi bukatar agaji. Akwai tallafin da ke biyowa ta hukumar ANFICT mai ba ƙananan hukumomi kuɗi, kuma a 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi kula da ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Sai dai nauyin ya riga kuɗin isowa. Wanda duk ya ce maka magajin gari zai ɗauki samari ɗaruruwa aiki, to daɗin baki yake maka.

Abin da ke hannunsa shi ne share fage. Akwai cibiyoyin koyon sana'a da gwamnati ta ƙudurci buɗewa a kowace ƙaramar hukuma, inda aka fi koyar da ɗinki, walda, kafinta da kanikanci. Akwai kuma asusun FAFPA, mai biyan kuɗin gajeren horo idan an shigar da buƙata. Nan ne nake da ƙorafi. Garin da ke da teloli ashirin, me zai yi da wasu talatin? Damargu ƙasar hatsi da kiwo ce. Tun zamanin ayari ita ke ciyar da Abzin, kuma a nan noma ke ƙarewa makiyaya ta fara. Sana'ar da za ta riƙe yaro a gida ita ce wadda ta jingina da wannan arziki: kiwon turka, haɗa abincin dabbobi da ajiye harawa, duba lafiyar bisashe, jima, sarrafa madara zuwa cuku, gyaran famfon rijiya mai aiki da hasken rana. Ga kuma babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas da ta ratsa Tanut, mai neman makaniki da faci dare da rana. Kasuwar dabbobi ma, irin ta Balbeji ko Bakin Birji, idan aka kewaye ta, aka kai ruwa, aka gina wurin loda mota, dillali da mai abinci da ɗan dako duk sun samu, kuɗin shigar hukuma kuma ya ƙaru.

Na san wani zai ce, ai ga matatar man fetur ta SORAZ a ƙasar Olelewa. Haka ne, tun Nuwamban 2011 take aiki, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Amma matata ƙwararru take ɗauka, kuma ba magajin gari ke raba gurabenta ba. Aikin haƙa ramuka masu siffar rabin wata don farfaɗo da fako shi ma yana rage zafin rani, sai dai na 'yan makonni ne.

Ta ina za ku shiga, Malam? Kowace ƙaramar hukuma tana da kundin tsarin raya gari na shekara biyar, kuma masu ba da tallafi shi suke fara dubawa. Abin da ba ya ciki da wuya ya samu kuɗi. Tun Afrilun 2024 an rusa majalisun kansiloli, kantomomi ke riƙe da ma'aikatun, amma kundin da kasafin suna nan. Ku haɗa ƙungiya, ku nemi takardar amincewa a ma'aikatar magajin garin Tarka, ku rubuta sana'ar da kuke so da yawan masu son koyo, sannan ku kai kafin a tsara kasafin shekara mai zuwa. Ku tambayi abu biyu a fili: nawa kasuwar Balbeji ta tara bara, kuma nawa daga ciki aka mayar kan gyaranta da horar da samari.