Tambaya da Amsa: Yaya Busasshen Gari Ke Riƙe Ruwan Ƙarfe?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai koyon aikin ƙarfe. An ce mana da busasshen gari ake daɓe gindin tanderun lantarki na narka ƙarfe, ba ruwa ba siminti. To yaya gari zai riƙe narkakken ƙarfe bai yoye ba?
Daga wani ɗalibi a Zariya

Amsa: Ɗana, garin nan magnesiya ne, wanda ake samu in an ƙona dutsen magnesayit, irin wanda ake haƙowa a tsaunukan Ostiriya da lardin Liaoning na ƙasar Sin. Zafin ruwan ƙarfe yakan kai digiri 1,600, shi kuwa magnesiya sai an haura 2,800 yake narkewa.

Amma jure zafi kaɗai bai isa ba, sai garin ya matse. Cika kwano da gyaɗa, ka zuba gero, ka girgiza. Geron zai shige tsakanin gyaɗar, kwanon ya ƙara nauyi bai ƙara tudu ba. Ƙwayoyin da girmansu ɗaya, kome girgizar da aka yi musu, sukan bar kusan sulusin wurin fanko. Shi ya sa ake gauraya tsakuwa da tsaki da lallausan gari, ƙanana su toshe gurbin da manya suka bari.

A kan bulo mai jure wuta ake zuba shi, shimfiɗa bayan shimfiɗa. Kowace sai an caccake ta iska ta fita, sannan a bi ta da injin girgiza. In shimfiɗa ta yi kauri, sama ta matse, ƙasa na nan sako-sako. In girgiza ta yi yawa, lallausan ya nutse, tsakuwa ta taso, haɗin ya wargaje.

Wuta ce ke ƙarasa aikin. A narkin farko, ɗan sinadarin ƙarfe da farar ƙasa da ke cikin garin suna manne ƙwayoyin saman, su zama ɓawo mai tauri. Na can ƙasa yana nan a garinsa, kuma alheri ne, domin tsagar da ta faro daga sama ba ta da hanyar bi cikin gari.

Ruwa kuwa abokin gaba ne. Magnesiya na shansa ya kumbura ya dare, kuma laima a ƙarƙashin ruwan ƙarfe tana iya haddasa fashewa.

Saboda haka, ɗana, ranar da aka danƙa maka injin girgiza, kada ka yi gaggawa. Duk inda ka tsallake, can ruwan ƙarfe zai nufa, alhali abokan aikinka na tsaye a gefen tanderun.