Yadda Ake Gwada Kwali Kafin a Yi wa Bangon Littafi Rubutu Mai Tudu

Mai son sunan littafinsa ya taso a bango har yatsa ya ji tudunsa, yawanci kauri yake fara tambaya a maɗaba'a: giram 250 za a sa, ko 300, ko 350? Kauri yana da amfani, amma ba shi kaɗai ke nuna kwalin da zai ɗauki aikin ba. Ana matse kwalin ne tsakanin faranti biyu, na ƙarfe mai rami da abokinsa mai tudu, don haka abin nema shi ne kwalin da zai miƙe bai tsage ba. Wannan kuwa daga zaren takardar yake. Kwali marar sheƙi, musamman mai auduga a ciki, zarensa dogo ne, yana bin faranti ba gardama. Mai sheƙi an shafe fuskarsa da farar ƙasa, ita ce ke fara darewa a gefen haruffa. Takardar da aka sake sarrafawa zarenta ya riga ya gajarce, ba ta jure rami mai zurfi. Ba a gane waɗannan da shafawar hannu, sai an saka a inji.

Fara da samo kwali iri uku ko huɗu, kowanne kamar falle goma, ka rubuta suna da giram a bayansu da fensir. Ka bar su kwana ɗaya ko biyu a ɗakin da za a yi aikin, domin takarda tana shan danshin iska: a hunturu takan bushe ta yi saurin karyewa, a damina ta yi laushi. Daga nan ka nemo kwanciyar zaren. Yaga falle a tsaye, ka sake yaga shi a kwance. Ɓangaren da ya yage a miƙe shi ne hanyar zaren, kuma dole ta bi tsawon ƙashin bayan littafin, in ba haka ba bangon zai riƙa lanƙwashewa. Sai a buga zanen da ainihin tawadarsa, a yi laminashan in za a yi, sannan a matsa da farantin da za a yi aikin da shi. Gwaji a kan farin kwali tsirara ruɗi ne, domin baƙar tawada da leda su ke tona tsaguwa. Kowane iri a matsa shi sau uku, ana ƙara ƙarfin inji kaɗan-kaɗan.

Ka duba sakamakon kusa da taga, ka karkata fallen hasken ya zo ta gefe. Dubi kusurwoyin ƙananan haruffa ko farin layi ya fito a cikin tawada, ko leda ta ɗago. Juya baya ka ga ko ya huje. Waɗanda suka tsira ka jera su, ka ɗora musu littattafai masu nauyi kwana uku, domin haka za su zauna a cikin katan, kuma wani tudun da ya yi kyau ranar farko yakan kwanta.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne da kuɗi, ai mai maɗaba'a ya san aikinsa. Ya sani, amma saninsa a kan kwalin da ya saba da shi ne da zanen da ya taɓa yi. Siririn harafi da faffaɗan tambari ba matsi ɗaya suke so ba, kuma kwali mai suna ɗaya yakan bambanta daga wannan kaya zuwa wancan. Faranti dai sai an yi shi ko an gwada ko ba a gwada ba, ƙarin kuɗin bai wuce na falle arba'in da 'yan awoyi a inji ba, a kwatanta da bango 1,000 da suka tsage. Fallen da ya yi nasara ku sa masa hannu kai da mai inji, a rubuta zafin faranti da ƙarfin matsin a bayansa, a ajiye shi kusa da injin ranar bugu.