Tsofaffin Da Sunansu Bai Shiga Takarda Ba: Darasi Daga Birtaniya

'Yan'uwa, a karanta wannan darasi a taron ƙungiya ko na zumuntar mata. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe. Manufarmu ita ce mu gane yadda mai bukata yakan rasa taimako ko da an ce domin shi aka tanada.

Sanyin ƙasar Birtaniya

Da yawa cikinmu muna tsammani babu talaka a ƙasar Turawa. Ba haka ba ne. Lissafin gwamnatin Birtaniya na 2022 zuwa 2023 ya nuna 'yan fansho kusan miliyan 2 suna cikin talauci bisa ma'aunin ƙasar. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi yakan yi tsanani har ruwa ya daskare, a birnin Landan kuma a watan Disamba rana takan faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma. Yawancin gidaje da iskar gas ko lantarki ake ɗumama su, kuma sai an biya. Ma'aikatan lafiya na ƙasar suna ba da shawara kada zafin ɗaki ya yi ƙasa da digiri 18. Sanyi yakan sa jini ya hau ya kuma yi kauri, daga nan sai ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon huhu. Tsoho ne ya fi shiga wannan haɗari domin jikinsa ba ya riƙe ɗumi kamar na yaro.

Saboda haka a 1997 gwamnati ta fara ba 'yan fansho kuɗin ɗumama gida sau ɗaya a shekara. Daga baya kuɗin ya tsaya a fam 200 ga kowane gida, ko fam 300 idan akwai mai shekara 80 ko fiye. A lokacin ba a tambayar ko mutum mai hali ne ko marar hali, shekarunsa kawai ake dubawa.

Abin da ya faru a 2024

A ranar 29 ga Yuli 2024, ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar cewa baitulmali yana da babban giɓi, don haka ba kowane tsoho ne zai ƙara samun kuɗin ba. Sai wanda yake karɓar ƙarin tallafin masu ƙaramin fansho, wanda suke kira Pension Credit, ko wani tallafi irinsa. Masu karɓa suka ragu daga sama da miliyan 11 zuwa kimanin miliyan 1 da rabi. A watan Satumba majalisa ta amince da ƙuri'a 348, masu ƙi kuwa 228. A watan Oktoba farashin gas da lantarki na gidaje ya tashi da kashi 10 cikin 100.

Hujjar gwamnati tana da ma'ana a kunne: don me za a ba attajiri kuɗin da ba ya bukata? Amma mutane iri biyu suka faɗa cikin wahala.

Na farko su ne waɗanda suka ɗara iyaka da kaɗan. A shekarar, mutum ɗaya yakan cancanci Pension Credit idan abin da ke shigo masa bai kai kimanin fam 218 a mako ba. Cikakken sabon fanshon gwamnati kuwa a lokacin kimanin fam 221 ne. Saboda bambancin fam 3 a mako, tsohuwa mai zaman kaɗaici za ta iya rasa fam 200 na sanyi, alhali tukunyarta ba ta fi ta maƙwabciyarta nauyi ba.

Na biyu su ne waɗanda suka cancanta amma ba su nema ba. Gwamnati da kanta ta ƙiyasta cewa gidaje har 880,000 sun cancanci Pension Credit amma ba sa karɓa. Waɗansu ba su san da shi ba. Waɗansu sun ga takardar nema mai tambayoyi fiye da 200 suka karaya. Waɗansu kuma kunya ce ta hana su, domin sun yi aiki dukan rayuwarsu, ba sa so a ce sun koma roƙo.

A watan Nuwamba 2024 gwamnati ta bayyana ƙiyasinta cewa matakin zai ƙara 'yan fansho kimanin 50,000 cikin talauci a shekarar farko. Ƙungiyar Age UK mai kula da tsofaffi ta yi ta kuka, jama'a kuma suka nuna fushinsu a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayu 2025. A watan Yuni 2025 gwamnati ta ja da baya: a Ingila da Wales aka mayar da kuɗin ga duk ɗan fanshon da abin da yake samu a shekara bai wuce fam 35,000 ba, wato mutum kimanin miliyan 9. An gyara, amma tsofaffin sun riga sun sha sanyin shekara guda.

Me ya shafe mu?

Mu ma muna rubuta sunaye. Duk lokacin da hatsi, taki ko barguna suka zo kaɗan, kwamiti yakan zauna ya zaɓi waɗanda za a ba. Zaɓen ba laifi ba ne, gama kayan ba sa isa kowa. Haɗarin shi ne mu ɗauka cewa wanda ba ya cikin takarda ba shi da bukata. Tsohon da ba ya iya takowa wurin taro, da tsohuwar da aka ce tana da ɗa a birni alhali ɗan ya daɗe bai aiko ba, da dattijon da zai gwammace ya kwana da yunwa da ya buɗe baki, su ne sukan ɓace mana. Ikilisiyar farko a Urushalima ta gamu da irin wannan. A Ayyukan Manzanni sura 6 an yi gunaguni cewa ana mantawa da waɗansu matan da mazansu suka mutu wajen rabon abinci, sai aka zaɓi mutum 7 su lura da rabon.

Sanyin hunturunmu bai kai nasu ba, amma yana kwantar da tsofaffi da tari da ciwon ƙirji, musamman a tuddai kamar Jos da Mambila. Yawancin tsofaffinmu na ƙauye kuma ba su da fansho ko kaɗan.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Su wane ne tsofaffin da ke kwana su kaɗai a ƙauyenmu? Mu lissafa su.
2. A rabon da aka yi na ƙarshe, wa ya rubuta sunaye, da wace ƙa'ida?
3. Idan an tsallake mutum, wurin wa zai kai kuka ba tare da jin kunya ba?
4. Akwai tsohon ma'aikaci a cikinmu da fanshonsa ya tsaya saboda takardu? Wa zai raka shi?

Abin da za mu yi kafin hunturu

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kada a rubuta sunaye daga nesa. Mutum biyu, mace da namiji, su shiga gida gida su gani da idonsu. Matasa su tara itace, su toshe ramukan bango da tagogi, su gyara jinka. Zumuntar mata ta duba wanda ba shi da bargo ko rigar sanyi. A kai taimako a asirce ga mai jin nauyi. A gargaɗi kowa kada ya kwana da kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ruf, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma kisa cikin barci. A ƙarshe, a ware kaso kaɗan daga kowane rabo domin wanda za a gano daga baya cewa an tsallake shi, a kuma sa ranar da kwamiti zai sāke duba takardar.