Fitilun Na'urar Wayfai: Abin da Suke Faɗa Mana

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da dama sun haɗa kuɗi sun sayi na'urar wayfai, wadda 'yan kasuwa ke kira rauta. Da ita muke jin farashin hatsi a Dawanau, mu duba hasashen damina, mu kuma tabbatar kuɗin mai saye ya shiga asusu kafin a ɗora buhuna a mota. Ran da ta tsaya, ciniki ya tsaya. Kafin mu kai ta wurin mai gyara, sai mu dubi ƙananan fitilun da ke gabanta. Launinsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma galibi kore ko shuɗi lafiya ne, ja kuwa damuwa.

Mu fara da fitilar wuta. In ba ta kama ba, mu duba soket da caja. Sau da yawa cajar ce ta ƙone, na'urar kuwa lafiyarta ƙalau. A sayi wata mai ƙarfi daidai da abin da aka rubuta a ƙarƙashin na'urar, yawanci bolt 12.

Fitilar sabis ita ce ta fi ba mutanenmu wahala a cikin birnin Kano. Gidajen wajen Kurmi da Jakara a matse suke, lungu ƙunci, katangar ƙasa mai kauri, sama kuma azara ko kwano. Abin da ke hana zafin bazara shiga ɗaki, shi ne ke tare sabis. In fitilar ta yi ja, ko sanda ɗaya kawai ta nuna, kada mu ce na'ura ta lalace. A fitar da ita daga ƙuryar ɗaki, a ɗora ta bisa, kusa da taga, ko a hau da ita bene. A gwada kowace kusurwa, a dakata minti ɗaya ana kallon sandunan. Amma kada a bar ta a rana, kada kuma a lulluɓe ta da zane saboda ƙurar hunturu, gama zafi yana sa ta tsaya.

In sabis ya cika amma fitilar intanet ba ta kama ba, sai mu tuhumi layin. Wataƙila data ce ta ƙare. A cire sim ɗin, a sa a waya, a danna *323#. Tun 2023 lambar ɗaya ce ga dukan kamfanoni. Wataƙila kuma an rufe layin, gama tun Disamba 2020 gwamnati ta umarta a haɗa kowane layi da lambar NIN. Magatakarda ya san da sunan wa aka yi rajista, domin shi ne zai je ofis.

Fitilar wayfai in tana ƙyaftawa, aiki take yi. In ta mutu, wani ya taɓa maɓallinta.

Kashewa da kunnawa yana warkar da abu da yawa: a zare waya, a ƙirga talatin, a mayar. Amma akwai ɗan rami a baya da ake tsira wa allura. Wannan yana share sunan wayfai da kalmar sirrin da ƙungiya ta sa, ya mai da na'urar yadda ta fito daga kwali. Kada kowa ya taɓa shi sai magatakarda yana wurin da littafinsa.