Takardar kamfani ba ta wanke tsohon agogo

Kusan duk wanda ya kawo mini tsohon agogo in duba masa, da magana ɗaya yake farawa: "Malam, na sa lambar a intanet, ta fito." Wani kuma ya zaro takarda mai tambari ya ce dillali ya ba shi, wai daga kamfanin take. Wannan magana ta ishe ni, domin da ita ake cinye kuɗin mutane.

Manyan kamfanonin agogo na Suwizalan suna da kundin da suke rubuta abin da suka ƙera. Patek Philippe na birnin Jeneba yana ajiye da bayanan agogunansa tun 1839, Longines kuma yana da rajistar lambobinsa tun 1867. Idan ka aika musu lambar injin, da lambar gidan agogon, da hotuna, sai su duba su ba ka takardar da ake kira Extract from the Archives. Abin da ke cikinta kaɗan ne: samfurin agogon, irin ƙarfen, shekarar ƙira, ranar sayarwa, wani lokaci da ƙasar da aka tura shi.

To a nan mutane suke ruɗewa. Takardar tana shaida cewa agogo mai wannan lamba ya taɓa fita daga masana'anta. Ba ta ce wanda ke hannunka shi ne ba. Wanda ya rubuta ta bai riƙe agogonka ba, littafi ya buɗe ya kwafo. Lamba kuwa kowa yana iya ganinta a hoton gwanjo ya zana ta a jikin jabu. Wanda ya fi jabu wahalar ganewa shi ne agogon haɗe-haɗe: injin na asali ne, gidan na wani agogo ne, fuskar an sake mata fenti, hannuwan an ciro su daga na uku. Kowane ɓangare na kamfanin ne, amma ba a taɓa ƙera su tare ba. Irin wannan yana iya samun takarda lafiya lau idan lambar injin kawai aka duba.

Wanda yake ganin na cika tsanani, ya duba abin da ya sami kamfanin agogo na Omega. A Nuwamban 2021 an yi gwanjon wani agogon Omega samfurin Speedmaster na 1957 a gidan gwanjo na Phillips a Jeneba, ya tashi sama da dala miliyan 3, kuma kamfanin Omega da kansa ya saya domin gidan tarihinsa. A 2023 sai ta bayyana cewa agogon haɗe-haɗe ne, har kamfanin ya zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Masu kundin da kansu aka yi wa haka, balle kai da aka turo wa hoton takarda ta WhatsApp.

Sai batun Rolex, wanda ya fi ɓata mini rai. Rolex ba ya ba jama'a irin wannan takarda ta kundi. Duk wanda ya miƙo maka ita ya ce daga can ta fito, ka riƙe kuɗinka. Jadawalin lambobin Rolex da ke yawo a intanet masu tara agogo ne suka haɗa shi, kimanta shekara kawai yake yi, kuma tun wajen 2010 lambobin ba sa bin jeri. Su ma kamfanonin da ke ba da takardar ina ganin laifinsu: sun san ana kafa hujja da takardunsu a kasuwa, amma gargaɗin cewa ba shaidar inganci ba ce sai wanda ya karanta da kyau yake lura da shi.

Abin yi shi ne ka kai agogon wurin mai gyaran da ka amince da shi, ba wanda dillali ya nuna maka ba, ya buɗe murfin baya a gabanka. Ka karanta lambar injin da idonka, ka ɗauki hoto. Ka nemi takardar da kanka ta shafin kamfanin, kada ka karɓi wadda aka riga aka tanadar maka. Idan ta zo, ka gwada kowane layi da abin da ke hannunka. Kundi ya ce ƙarfe ne kai kuma zinariya kake gani, magana ta ƙare. Haka idan samfurin ya saɓa. Idan kuɗin mai yawa ne, ka nemi takardar tabbatar da inganci, wadda Longines da Vacheron Constantin suke bayarwa bayan an kai musu agogon sun buɗe shi. Ta fi tsada kuma tana ɗaukar lokaci, amma ita ce aka yi bayan an duba agogon kansa. Ka kuma sa a bincika lambar a The Watch Register, rajistar agogunan sata, domin kundin kamfani ba ya gaya maka ko an ƙwace shi daga hannun wani.

Masu Seiko 5 irin wanda alhazai suke sayowa a Makka da Jidda, ku ba kwa buƙatar wannan ɗawainiya. A lambar da ke murfin baya, harafi na farko shi ne ƙarshen shekarar ƙira, na biyu kuma wata, sai samfurin injin ya nuna muku ko 1974 ne ko 1984. Ku dai lura da fuska, domin ana yawan sake wa tsofaffin Seiko fenti mai ƙyalli a sayar da su a matsayin na asali.