Kafin Ka Rungumi Jikanka, Ka Duba Inda Ka Ajiye Babur

Aikina jinya ne a sashen gaggawa na wani babban asibitin gwamnati, kuma akwai raunukan da nakan san lokacin zuwansu tun kafin a shigo da su. Bayan Sallah da lokutan suna da biki, yara ƙanana ne ake kawo mana da ƙunar salansa a sharaɓa ko a tafin hannu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, sau da yawa wanda yake biye da uwar yaron, jikinsa na rawa, dattijo ne da ya yi doguwar tafiya a kan babur don kawai ya ga jikansa.

Mutane sun ɗauka haɗarin tafiyar babur a kan kwalta yake ƙarewa. Akwai shi a can, ba shakka. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sanya hular kwano, amma har yau dattawanmu da zanna bukar ko rawani suke fita daga Kano zuwa Katsina ko Daura, babbar riga na kaɗawa dab da sarƙa. Ga gyangyaɗi, ga hazon hunturu, ga masu hawan jini da suka manta maganinsu a gida. Wannan duk an sha faɗa. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne haɗarin da yake jira a ƙofar gida, bayan an iso lafiya an yi hamdala.

Babur ɗin da ya yi awa biyu ko uku yana gudu, salansarsa ba ta hucewa don an kashe inji. Tana nan a ɓangaren dama, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yaron da ya fara tafiya. Kaka ya shigo da shi soro ko tsakar gida, ana ta "sannu da zuwa", ana kwance tsaraba, hankalin kowa yana kan baƙo. Yaro kuwa abin da yake ƙyalli shi yake nufa. Fatarsa ba ta kai ta babba kauri ba, don haka taɓawar da za ta sa babba ya janye hannu kawai, shi tana iya cinye masa fata har ƙasa.

Wani dattijo ya taso daga Kano ta Kazaure don ganin 'yar 'yarsa, wadda yake tsokana da "amaryata". Yana sallama ta sheƙo a guje, ta rungume ƙafarsa yana kan babur, cinyarta ta manne da salansa. Kafin su iso wurinmu an shafe ciwon da man goge baki da ɗanyen ƙwai, an barbaɗa toka a kai. Ya ce da ni, "Malama, wallahi na riga na kashe injin." Na ce, "Baba, na yarda, ƙarfen ne bai huce ba." Wanke abin da aka shafa ya fi ƙunar kanta sa yarinyar kuka, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa ya kasa kallo. Wannan ɓangaren ne yake ƙona mini rai, domin wahala ce da aka ƙara mata da kyakkyawar niyya.

Abin da ƙuna take buƙata ruwa ne. A zuba ruwa mai tsabta, na famfo ko na randa, a kan wurin har minti 20, ana zubawa ba tsayawa. Kada a sa ƙanƙara. Kada a shafa manja, man shanu, ƙwai ko man goge baki, domin suna riƙe zafi kuma suna kai ƙwayoyin cuta cikin ciwo. In ya yi bororo, a bar shi kada a fasa. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a lulluɓe sauran jikin yaron kada sanyi ya kama shi. Idan ƙunar ta kai faɗin tafin hannunsa, ko tana hannu, fuska ko gaɓa, a kawo shi asibiti a ranar. Wurin da ya yi fari kuma yaron ba ya jin zafinsa, shi ne ya fi zurfi, ba alamar sauƙi ba ce.

Sai zagayen babur da jika yake roƙo da yamma. Na san yadda hana yaro yake da wuya a wurin kaka, musamman wanda ba ya ganinsa sai shekara-shekara. Amma wanda aka ɗora a kan tanki shi ne farkon da zai bugi kan babur in an taka birki, wanda aka ɗora a baya kuma ƙafarsa ba ta kai mataki ba, lilo take yi kusa da wayoyin taya. Idan dunduniya ta shiga, fatar takan yage, wani lokaci har agara ta tsinke ko ƙashi ya karye. Da farko ciwon yakan yi kamar ƙaramin kurji, sai bayan kwanaki fatar ta yi baƙi ta mutu. A ra'ayina, yaron da ƙafarsa ba ta kai mataki ba bai isa hawa ba, komai kusancin wurin.

Masu doguwar tafiya kuma sukan riƙe man fetur a gorar ruwa ko ta lemo saboda ƙauyukan da babu gidan mai. Yaro ya ga gora, ya ɗauka abin sha ne. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin in man ya bi hanyar numfashi huhu yake lalatawa. A kawo shi asibiti ko da yana wasa, saboda tari da sarƙewar numfashi suna iya bayyana bayan 'yan awanni.

Don haka in ka iso, ka kashe babur tun daga waje, ka jingine shi a wuri mai ƙasa mai ƙarfi, ɓangaren salansa yana fuskantar bango, ka zare makulli, ka ɗauke gorar mai. Masu gida kuma wani ya riƙe yara har baƙo ya sauka ya shigo da ƙafarsa.