Wa Zai Biya Kuɗin Magani? Nazari Kan Kuɗi da Kiwon Lafiya a Nijeriya

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. To amma kula da uwar jikin nan sai da kuɗi, domin likita da ungozoma albashi suke ci, magani kuwa saye ake yi. Saboda haka tambayar da ke gaban kowace ƙasa ita ce: idan ciwo ya zo, wa zai biya, kuma yaushe? Wannan darasi zai duba amsar da Nijeriya ta bayar, da yadda amsar take hana wasu marasa lafiya isa ga likita.

Yadda aka raba aikin

Kiwon lafiya a Nijeriya hawa uku ne. Gwamnatin Tarayya ce ke riƙe da asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Jihohi suna da manyan asibitoci, su kuwa ƙananan hukumomi 774 an ɗora musu matakin farko, wato ɗakunan shan magani, da awon ciki, da allurar rigakafi. Taron Alma Ata na 1978 ya nuna cewa wannan mataki shi ne ginshiƙi, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙarin kafa shi a ƙasar. Sai dai hawan da ya fi kusa da talaka shi ne ya fi ƙarancin kuɗi da ma'aikata.

Hanyoyi uku na biya

Ana biyan kuɗin lafiya ta hanyar haraji, ko ta inshora, ko kuma daga aljihun majiyyaci a ranar da ciwo ya kama shi. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta. Kason Gwamnatin Tarayya galibi bai wuce kashi 6 ba. Giɓin kuwa a kan iyalai ya faɗa, domin alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa.

Illar wannan hanya ita ce ciwo ba ya sallama. Yakan zo da bazara rumbu ya yi ƙasa, sai magidanci ya sayar da akuya ko ya jinginar da gona. Mafi muni shi ne jinkiri. Masana sun lura cewa jinkiri iri uku ke kashe mata wajen haihuwa: na yanke shawarar zuwa asibiti, da na isa can, da na samun kulawa bayan an isa. Kuɗi yana da hannu a cikin kowanne, tun daga kuɗin mota har zuwa na jini da na tiyata. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa 'yan Nijeriya ne.

Lissafin asusun gama kai

Inshorar lafiya ta yi kama da adashi, sai dai a adashi kowa yana kwasa idan layinsa ya zo, a inshora kuwa wanda ciwo ya kama shi ne ake yi wa magani daga asusun. Ga misali don aji. A ɗauka mutum 1,000 sun yarda kowa ya riƙa zuba naira 1,000 a wata. A shekara an tara naira miliyan 12. Idan mutum 40 suka buƙaci aikin da ya kai naira 150,000 kowanne, an kashe miliyan 6, sauran miliyan 6 kuma ya tafi ga zazzaɓin cizon sauro da awon ciki. Babu wanda ya san ko shi ne zai kwanta, amma ana iya ƙiyasta yawan waɗanda za su kwanta cikin dubu. Wannan shi ne sirrin lissafin.

Sharaɗinsa shi ne masu lafiya su shiga tare da marasa lafiya. Idan mutum 100 kaɗai suka shiga, cikinsu har da waɗancan 40, abin da aka tara naira miliyan 1.2 ne, buƙata kuwa miliyan 6, asusu ya karye ke nan.

Matakan da aka ɗauka

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da dokar 1999, ya fara aiki a 2005, amma ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fi cin moriyarsa, saboda cire kuɗi daga albashi abu ne mai sauƙi. Manomi da ɗan tireda ba su da takardar albashi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Bisa tanadin dokar, rabi na inshora ne, kashi 45 na magani da kayan aiki da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kashi 5 na taimakon gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Jihohi ma sun kafa nasu, kamar hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano da aka yi wa doka a 2016. A 2022 sabuwar doka ta wajabta inshorar lafiya kan kowa, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu.

Ghana ta bi wata hanya tun 2003, inda ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 kan kayan saye don ciyar da asusun inshorarta. Darasin shi ne, inda yawancin jama'a ba su da albashi, tilas haraji ya biya wa talaka.

Kammalawa

Doka ita kaɗai ba ta warkar da kowa. Katin inshora ba shi da amfani a ɗakin shan maganin da babu magani ko ungozoma da dare, kuma wanda ya zuba kuɗi bai ga aiki ba, da wuya ya sake zubawa. Dogaro da taimakon waje ma ba tabbas, kamar yadda aka gani a 2025 lokacin da Amurka ta zaftare tallafinta na lafiya. Abin da ake buƙata shi ne a tara kuɗin kafin ciwo, a tara shi daga kowa, a kuma tabbatar ya isa asibitin ƙauye.

Aikin aji

1. A sake lissafin misalin sama idan masu buƙatar aiki sun kai 70. Nawa ya rage?
2. Ɗalibai su ziyarci ɗakin shan magani mafi kusa, su rubuta yawan ma'aikatansa da ayyukan da ake yi kyauta.
3. Me ya bambanta adashi da inshora?